Idon da Na Dasa a Rediyon Surukina

Mijina ya rasu ranar Talata da hantsi, kafin la'asar an rufe shi. Amai da gudawa ce ta shigo ƙauyenmu, nan bayan Bagwai, a farkon daminar bara. Cikin mako guda ta ɗauki mutum bakwai, shi ne na biyar. Sunansa Kamaruddeen. Yana raye ban taɓa kiran sunan nan a gaban mutane ba, yanzu kuwa ga shi na rubuta, mai ganin rashin kunyata ya gani.

Mace ba ta bin gawa, kowa ya san wannan. Iyakata bakin ƙofar ɗaki, ina riƙe da labule, na ga ƙafafun maza sun fice da makara ta zaure. Daga nan ban san inda aka kai shi ba. Na san dai maƙabartar tana hanyar gonakin gabas, amma ko gabanta ban taɓa wucewa ba, ni da aka kawo daga Rimin Gado aka ajiye a cikin gida.

Kuma ina da cikin wata biyu. Don haka takabata ba wata huɗu da kwana goma ba ce irin ta sauran mata, sai ranar da na haihu. Wata bakwai ke nan tsakanin ɗaki ɗaya da tsakar gida ɗaya. Ba kwalli, ba turare, ba madubi, zane biyu nake canzawa. Uwar mijina, Inna Mairo, ta kawo mini wata 'yar wuƙa ta ce in riƙa riƙe ta ko bayan gida zan zaga, wai haka suka gada. Na karɓa na yi godiya. Ban dai san abin da wuƙa za ta kore mini ba, tun da wanda ake gudu ya riga ya shigo ya ɗauki abin da ya zo ɗauka.

Surukina, wanda gari ke kira Malam Khalilu mu kuma muke ce masa Baba Malam, shi ya fi kowa ba ni haushi, kuma ba zan ɓoye ba. Kamaruddeen ɗan farinsa ne. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Alkunya ce. To ni na ɗauka alkunya tana da iyaka, kuma iyakarta mutuwa. Ashe ban san Baba Malam ba. Ranar rasuwar ina kuka, aikowa ya yi a ce wa 'yar Rimin Gado ta sassauta murya, maƙwabta na ji. Masu gaisuwa suna ta zuwa, shi kuwa abin da yake faɗa kawai, "Yaron nan lokacinsa ne ya yi." Ranar uku, Basiru abokin mijina ya zo da wani ɗan allon ƙarfe da ya sa aka rubuta suna a kai, zai kafa a kabarin. Baba Malam ya ce masa a gaban kowa, "Sauran da aka rufe an kafa musu? Wanda ya halicce shi ya san inda yake." Basiru ya mayar da allonsa cikin buhu ya tafi.

Allah ya san inda yake, ban musa ba. Ni ce ban sani ba. Ga damina ta kankama, kabarin ƙasa kuwa ruwa uku ko huɗu masu ƙarfi sun isa su kwantar da shi ya saje da na kusa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, wannan da ke cikina zai girma, wata rana ya ce in gaya masa inda ubansa yake. In ce masa me? Ba gini nake nema ba, ba fenti ba. Wurin kawai nake so in sani.

Na aika wa Basiru ta bakin matarsa Maijidda, na ce ya ɗauko mini hoton wurin da wayarsa. Ta dawo ta ce ya ce in yi haƙuri, shi a gaban Malam ya yi karatu, ba zai zagaye shi ba. Duk namijin da zan iya aika a garin nan a gaban Malam ya yi karatu. Na ji kamar in ɗora hannu a ka in kurma ihu, amma mai takaba ko ihun ma ba nata ba ne.

Sai dai Maijidda ba ta iya riƙe magana ba, Allah ya saka mata da alheri. Tana taya ni tsintar wake ta ce, "Ni kam Tahira, kin san surukinki kullum sai ya ratsa maƙabarta? Idan na kai koko gona ina hango shi. Da ya iso ɗorawar nan sai ki ji rediyonsa ya yi ɗif. Sai ya jima kafin ki sake jin sa ta hanyar gonarsu."

Na ajiye farantin waken. Mutumin da ya ce in sassauta murya, ashe kullum yana can. Haushi ya ƙara kama ni, domin shi yana da ƙafar zuwa da idon gani, ni kuwa ya hana ni ko da allo. Amma a cikin haushin nan ne dabara ta faɗo mini.

Baba Malam ba ya rabuwa da rediyonsa. Baƙi ne mai madauri, kullum yana rataye a kafaɗarsa, daga tafsiri zuwa labaran duniya zuwa farashin taki. Mai caji ne, sola kuwa a gidan nan sai wadda mijina ya kafa a ɗakina. Don haka duk bayan isha'i Inna Mairo take kawo mini shi in jona, da safe bayan koko ta karɓa ta kai masa. Rediyon nan yana zuwa inda ba zan iya zuwa ba, kuma a hannuna yake kwana.

A nan sai in faɗi abin da garin bai sani ba. Kamaruddeen mai gyaran waya ne, yana da 'yar rumfa a Bagwai, an kuma san shi da cewa babu wayar da ke gagarar sa. Gaskiyar magana, wadda ta gagare shi gida yake kawo ta. Na yi sakandaren kimiyya, hannuna kuma ba ya rawa, nasa kuwa da ya sha shayi kofi biyu shi ke nan. Ni nake zama a tabarma in like ƙananan ƙafafun kayan cikin waya da dalma, shi ya tafi da safe ya sha yabo. Ban taɓa jin haushi ba. Yakan dawo da tsire a takarda ya ce, "Injiniya, ga gaisuwa daga almajirinki."

A cikin akwatin kayan aikinsa akwai wani ɗan fanel na lantarki, irin na cikin waya, da bai wuce kwalin ashana ba, da ɗan idon kyamara a jikinsa kamar ƙwayar wake. A Kano ya sayo shi don ya kafa a rumfarsa. Wani abokinsa ya riga ya ɗora masa umarni da kwamfuta: da zarar ya sami wuta, duk rabin minti ya ɗauki hoto ya zuba a memori. Saura a haɗa masa wuta da gida. Mijina bai kai ga haɗawa ba.

Da hantsi nake aikin, maza suna gona, Inna tana can wajen suyar ƙulinta. In zuba garwashi a kasko, in tura ƙarfen like a ciki, wanda na goge bakinsa a dutse har ya yi tsini. Wuƙar takaba kuwa ta sami aiki, da ita nake feƙe roba daga silin wayar wuta. Na samo batirin wata tsohuwar waya, sai dai wutarsa ba ta isa ba, fanel ɗin wuta mai ƙarfin volt biyar yake so, batir bai kai huɗu ba. Na fasa wata matacciyar fawa-bank na ciro ɗan abin da ke ɗaga wuta, na haɗa a tsakani. Ya kama, 'yar jar fitilarsa ta kawo. Amma da ya zo ɗaukar hoto sai ya mutu ya sake tashi, ya mutu ya sake tashi. Kwana uku muna haka. Ranar ta uku na yi tsaki na wurgar da ƙarfen, ya ƙona mini tabarma, har yau tabon yana nan. Na zauna na yi kuka mai isata, a hankali, kada maƙwabta su ji. Da na huce sai na tuna abin da malaminmu ya taɓa faɗa, cewa irin wannan yunwar wuta ce ta lokaci guda. Na ciro kondansa, ɗan abin nan mai tara wuta, daga wata tsohuwar caja na like kusa da ƙafar wutar. Bai sake mutuwa ba.

Na zare memorin na sa a wayata. Hoton farko hazo ne kawai. Na riƙa murɗa ɗan gilashin idon da farce, kaɗan kaɗan, ina gwadawa, har randar tsakar gida ta fito da siffarta. A cikin gwajin nan idon ya kama fuskata ban shirya ba. Rabona da madubi kwana ashirin. Na ga wata mata duk ƙashin wuya, leɓe a bushe, ido a zurme. Na goge hoton nan take.

Saura shigar da shi rediyo. Na kwance bayan rediyon na sami fili gefen sifika, na naɗe kayan da leda na cusa, na gasa basilla na huda ragar gaba daidai inda idon zai leƙo. Abin da na fi alfahari da shi shi ne makunni. Makunnin rediyon ƙafa uku gare shi, ɗaya ba a amfani da ita, sai an kashe take taɓawa. A nan na jona kyamarata. Wato idan rediyo yana magana idon a rufe yake, da Baba Malam ya kashe don girmama mamata, idon ya buɗe. Da hannunsa zai kunna mini. Idan an kawo shi caji da dare kuwa sai in zare wayar idon, da safe in mayar.

Na san abin da na yi ba daidai ba ne. Leƙen asirin suruki, kuma malami, kuma a maƙabarta. Na yi istigfari da na miƙa wa Inna rediyon da safen nan. Amma ban fasa miƙawa ba.

Washegari bayan sallar asuba na zare memorin. Hotuna talatin da wani abu. Farar rigarsa. Sama. Farar rigarsa kuma. Ganyen gero. Bakin takalminsa na fata. Guda ɗaya ne kawai ya ɗan yi wani abu, lokacin da ya tsuguna ya ajiye rediyon a ƙasa. Hoton a karkace yake. A gindinsa akwai wani siririn layi na jar ƙasa, can baya ga ɗorawa, can bayanta kuma ga dogon ƙarfen sabis na hanyar Bagwai, ya faɗo daidai inda ɗorawar ta rabu biyu. Shi ke nan. Na yi mako ina ƙona yatsu don in ga bishiya da ƙarfe. Na kai yatsa zan goge, sai na fasa, domin siririn jan layin nan wataƙila mijina ne.

Mako biyu ina haka. Wata rana ya kifa rediyon, wata rana ya juya shi wajen ƙafarsa. Na san takalmin Baba Malam fiye da mai ɗinkinsa.

Sai marka ta sauka. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, har katangar bayan gidanmu ta zube. Ina zaune a ɗaki ina jin sa a kan kwano, na san abin da yake yi a can gabas, ba ni da yadda zan yi. Rana ta huɗu da gari ya washe na ɗauki mayafi na nufi zaure. Tafiyar minti goma sha biyar ce kawai, in ji Maijidda. Na tsaya a bakin zauren, ƙafata ɗaya a kan dokin ƙofa, ina ganin hanya da kaji suna tono. Babu wanda ya riƙe ni. Inna ba ta nan, ba kowa. Amma na san in na taka waje, kafin azahar labari ya kai Rimin Gado, mahaifiyata ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan biki ba, kuma ko na je ban san wane tudu zan tsaya a kai ba. Na dawo ɗaki na zauna a kan tabon ƙunar tabarma.

Bayan markar hotunan suka canja. Da talatin ne, yanzu sittin, tamanin. Yawo yake yi a cikin maƙabartar. Ciyawa ta rufe ko'ina, tuddan kaburburan duk sun kwanta. Yau ya tsuguna nan, gobe can, jibi wani wuri dabam. Na ce lallai mutumin nan ya kai, wato raba ziyarar yake yi ga duk mutum bakwai don kada a ce ya zo wajen nasa. Na zage shi a zuciyata, Allah ya yafe mini.

Sai wata safiya na ga hoton hannunsa. Ba ɗaga shi ya yi yana addu'a ba. A ƙasa yake, yatsu a baje cikin ciyawa, yana lalube. Hoto na gaba ma haka, da na gabansa. Daga ƙarshe ya ɗago rediyon kusa da fuskarsa, idon ya kama shi sosai. Ban taɓa kallon fuskar surukina ba, kaina a sunkuye nake gaishe shi. Idanunsa duka biyu yanar ido ta rufe su, fari fat. Nan na tuna butar da ya yi tuntuɓe da ita a tsakar gida, na tuna shi karatu da ka yake bayarwa, ba ya buɗe littafi. Ashe mutumin nan ba raba ziyara yake yi ba. Kabarin ne ya ɓace masa.

Ban san abin da zan yi da wannan sanin ba. Kwana biyu ina juya shi. A rana ta uku, da hantsi, Inna ta tafi barka, sai na ji sallamarsa a bakin ƙofata. Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa tsayawa a wurin ba. Na durƙusa a bayan labule na amsa.

Ya ce, "'Yar Rimin Gado."

"Na'am, Baba."

"Rediyo a kashe ba ya ɗumi. Nawa yana yi. Ya kuma ƙara nauyi. Yatsana kuma ya sami huda a ragarsa, tun makon farko."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Na yi laifi, Baba. A yafe mini."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Sannan ya ce, "Abin nan da kika sa. Yana gani?"

"Yana gani, Baba. Ba sosai ba."

"Ya fi ni."

Na ji ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya yi magana a hankali, fuskarsa tana wajen katanga. Ya ce da taku yake gane wurin, ashirin da uku daga gindin ɗorawa, sannan akwai wani fasasshen bakin tukunya a wajen kai da yake shafawa da hannu. Ruwa ya tafi da bakin tukunyar. Iska ta karya babban reshen ɗorawar, masu neman itace suka ja shi ta kan hanyar, hanyar ta ɓace. Ya ce ya bugi cikin mutum biyu daga waɗanda suka yi haƙa, a kaikaice, ɗaya ya ce layi na uku, ɗaya ya ce na huɗu, domin makon nan kowa a gigice yake haƙa. "Ba zan iya tara mutane in ce su nemo mini ba. Ni da na mayar da allo a gabansu."

Ya kamata in yi shiru. Duk tarbiyyar da aka ba ni shiru ta ce in yi. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Da an bar Basiru ya kafa allon nan, Baba, da yanzu ba ma haka."

Na jira faɗa. Sai ya ce, "Da an bari."

Wannan ya kashe mini jiki fiye da faɗa. Na jawo wayata na nemo hoton nan na ranar farko, wanda na kusa gogewa. Na bayyana masa abin da ke ciki: ƙarfen sabis ya faɗo daidai tsakanin rassan ɗorawa biyu. Daga wuri kaɗan ne kawai za a ga haka. Wanda ya matsa hagu ko dama, ƙarfen zai fita daga tsakanin. In muka sami tudun da aka ajiye rediyo a gefensa ƙarfen ya koma wurin nan, mun samu.

Ya ce, "Ni ba na ganin ƙarfen."

"Ba sai ka gani ba, Baba. Ka ajiye rediyon a gefen kowane tudu, huda tana kallon ɗorawa. Ka jira rabin minti."

"Ina na ga minti?"

"Fatiha uku, ba da sauri ba. Kuma kafin ka tashi ka sa yatsu a gaban hudar, ɗaya, biyu, uku, don in san na nawa ne."

Haka muka yi kwana shida, makaho a waje, mai takaba a ɗaki. Ya daina bi ta hannun Inna, da ya dawo sai ya turo rediyon ta ƙarƙashin labule ya tsuguna yana jira. Na zana maƙabartar da gawayi a daɓen ɗakina, maƙabartar da ban taɓa gani ba, ga ɗorawa, ga ƙarfe, ga tudu tudu. In ce, "Ka yi nisa wajen gonar gero, Baba, gobe ka dawo dama." Ya ce to. Malamin da gari ke ce wa to, ni yake ce wa to. Wata rana ya manta yatsun, duk aikin ranar ya tashi a banza, na yi masa ƙorafi kamar yadda nake yi wa ɗansa, sai da na faɗa na ji kunya. Inna Mairo tana ganin mu, ba ta tambaya ba, ta dai riƙa tsawaita zamanta a wajen ƙuli.

Ranar ta shida ƙarfen ya shiga tsakanin rassan. Na duba yatsu, na huɗu ne. Na ci gaba da duba sauran don in tabbatar. A na tara ma ya shiga.

Biyu ne. Ɗaya a gaban ɗaya, a kan layi guda, taku uku tsakaninsu. Girman ɗorawar a hoto ne zai raba gardama, wanda ya fi kusa za ta fi girma. To amma ɗorawar ta rasa babban reshenta, ta ƙara ganye a wani gefen, hoton farko kuma a karkace yake, da hazo a jikinsa. Na auna da tsinken tsintsiya a fuskar waya. Na sake murɗa gilashin idon na sake aika shi, har sau biyu. Na kalli hotunan nan har idona ya yi ja. Idan na kalla da safe sai in ce na huɗu ne, da yamma in ce na tara. Ɗan idon da bai wuce ƙwayar wake ba, iyakar abin da zai iya ke nan.

Na so in zaɓi ɗaya in ce masa shi ne. Ba zai taɓa sani ba, ɗana ma ba zai sani ba. Amma ni zan sani, kuma don in sani na fara duk wannan. Na gaya masa gaskiya ta bayan labule. Ya ja rediyonsa ya tashi. Da la'asar na ji sara a wajen shingen bayan gida, inda itacen dashi yake.

Washegari bai wuce gona ba. Tun hantsi bai yi ba na ji sallamarsa, na ji ya tsuguna a inda ya saba. Rediyon a kashe yake.

Ya ce, "Na dasa dashi. Biyu. Damina ce, za su kama. Ɗayan ma wani ne ya haife shi."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

"Idan abin da ke cikinki ya girma, ki ce masa ɗaya daga cikin biyun nan. Kada ki ce masa kakansa ya sani. Ki gaya masa kakansa ne ya ɓatar."



Ya ce, "Na yi sallama a na farko, na kira shi. Na yi a na biyu, na kira shi. Tun da ban san wanne ba ne, dole in faɗi suna, don mai shi ya san da shi nake." Muryarsa ta sauka har sai da na matso da kunnena jikin labule. "Kamaruddeen. Ni na raɗa masa shi a kunne ranar da aka haife shi. Shekara talatin da ɗaya ban ƙara faɗa ba."

Nan kukan ya ƙwace mini, ba irin na hankali da na saba yi ba, na gaske, wanda aka hana ni ranar Talatar nan. Na san ana ji har gida uku. Na jira ya ce in sassauta. Sai na ji ƙas, ya kunna rediyon ya ƙure murya, wani mutum yana ta bayani a kan tsutsar masara. Bai tashi ba. Ta ƙarƙashin labulen ina ganin takalmin nan da na sani, da gefen farar rigarsa tana girgiza.

Sai washegari na zare memorin. Ga sandunan dashi biyu a tsaye cikin ciyawa. Ga shi tsugune a tsakaninsu, hannu ɗaya a kan wannan tudu, ɗaya a kan wancan, bakinsa a buɗe. Ga hanyar gida, ga zaure, ga randar tsakar gida. Hoto na ƙarshe labulen ɗakina ne, da bakin gwiwata ta ƙasansa, da sauran wata huɗu a gabana kafin in fita. Daga nan ya kunna rediyo, idon ya rufe. Abin da ya biyo baya ba ni da hotonsa.